Katakon Tagarka: Me Za Ka Shafa Masa?

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, malamin makaranta ne a Kaura Namoda, wanda ya yi shekara shida yana gina ɗaki biyu da falo. In albashi ya zo ya sayi bulo hamsin, in wata ya yi tsanani ya haƙura. Sa'ad da aka kai ga tagogi, uwargidansa ta ce ita ba ta son na ƙarfe, gama ta zauna gidan haya mai tagar ƙarfe, ta san yadda take ƙona hannu a watan Afrilu. Sai ya yi ƙoƙari ya sami katakon maɗaci, kafinta ya yi musu firam huɗu da marufansu. Ranar da aka kafa su, duk wanda ya shiga ɗakin sai ya kai hannu ya shafa, don jan katakon nan da zanensa abin sha'awa ne.

Kwana biyu sai maƙwabcinsa ya leƙo, ya ce, "Malam, in ba ka so gara ta cinye maka kuɗinka, je wurin makanike ka karɓo baƙin mai, ka shafe su ciki da waje." Shawarar ba ta da tsada, mutumin kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Malam ya karɓo galan guda, ya shafa.

Da bazara ta zo sai man ya fara tsattsafowa. Labulen da uwargida ta ɗinka da hannunta ya yi baƙi a gefe. Ɗaki ya riƙa warin gareji, musamman da rana tsaka. Ƙura ta manne a jikin katakon ta zama kamar laka. Ƙaramar 'yarsu, wadda ke son kama gindin taga ta miƙe ta leƙa waje, kullum hannunta baƙi, hannun nan kuwa bakinta yake zuwa. Uwar ta ce, "Baban yara, wannan ba taga ba ce, injin nika ka kawo mini cikin ɗaki." Abin baƙin ciki kuma, bayan damina biyu gara ta shiga ɗaya daga cikin tagogin, ta bayan firam, inda ya haɗu da bango, wurin da man bai taɓa kaiwa ba.

Saboda wannan ɗan'uwa, da wasu irinsa a Shinkafi da Zurmi da ke ta fama da gini kaɗan kaɗan, muka ga ya kamata mu yi magana a kan abin da ake shafa wa katakon taga ta cikin ɗaki, in mutum yana so launin itacen ya fito yadda Allah ya halicce shi, ba a rufe shi da fenti ba.

Abin da ke damun katako a ƙasarmu

Ko an sare itace an tsaga, bai daina shan ruwa ba. Katako yana jan laima daga iska, yana kuma sakinta. In ya sha ya kumbura, in ya saki ya tsuke. Ba ya yin haka a tsawonsa sai kaɗan ƙwarai, a faɗinsa ne yake motsi. Shi ya sa marufin taga ke cijewa a watan Agusta har sai an sa kafaɗa, a watan Fabrairu kuwa ka ga haske yana shigowa ta tsakanin allunansa.

A wurare da yawa na duniya wannan motsi kaɗan ne. A arewacin Zamfara kuwa babba ne. Daga Yuni zuwa Satumba iska cike take da ruwa. Daga Nuwamba hunturu ya sauko, laima ta faɗi har leɓe ya tsage, sa'an nan Maris da Afrilu su zo da zafin da ke wuce awo 40. Katako ɗaya ne zai sha wannan duka, kowace shekara. Babu man da zai hana shi motsi. Abin da mai ko banish ke yi shi ne ya rage saurin shiga da fitar laima, don kada bayan katakon ya bushe ya bar cikinsa da danshi, gama nan ne tsagewa take farawa.

Sai rana. Tagar yamma ita ce ta fi wahala, domin ranar la'asar tana dukan gindinta ta ciki in an buɗe. Hasken rana yana cin fuskar katako ya mai da shi fari fari kamar toka, yana kuma gasa banish har ya yi ɓawo. Tagar gabas kuwa ruwa ne abokin gābarta, tun da yake daga gabas hadirin ƙasarmu ya fi tasowa. Kowa ya san bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Kafin a ruga a rufe taga, ruwa ya riga ya kwanta a gindinta.

Na uku ita ce gara, tare da ƙwaron nan da ke huda katako yana zubar da gari kamar na tuwo. A nan sai mu faɗi gaskiya tun da wuri. Abin da ka shafa a fuskar katako ba ya hana gara. Gara ba ta son haske, ba ta fuska take zuwa ba. Daga ƙasa take hawowa ta cikin bango, ta shiga ta baya, ta cinye ciki ta bar maka fuskar tana ƙyalli. Maganinta dabam ne, za mu zo kansa.

Ka fara sanin itacenka

Kafin ka tambayi abin shafawa, tambayi kafinta wane itace ne. In ya ce "jan katako" kawai, ƙara tambaya, gama akwai farin katako da ake rinawa a sayar da sunan ja. Ka ce ya kankare gefe kaɗan a gabanka.

Maɗaci shi ne sarkin katakon ɗaki a wurinmu. Launinsa ja ne mai duhu, yana karɓar mai da kyau, yana ƙara kyau in ya tsufa. Dogon yaro, wanda mutanen Kano ke kira darbejiya, ɗan'uwansa ne, dangi ɗaya suke, ko da yake shi baƙo ne daga Indiya. Mutane suna raina shi don yana ko'ina a bakin hanya, amma zuciyar tsohon dogon yaro ja ce, ƙwari ba su cika sonta ba, kuma in an busar da ita sosai tana yin firam mai kyau.

Ƙirya kuwa ba a magana. Da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, gawayinta maƙera ke nema, gara tana shan wuya a kanta. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna sunan, gama a littafin Fitowa, inda aka ba da labarin akwatin alkawari da katakan alfarwa, masu fassararmu da sunan ƙirya suka kira itacen. Amma taurinta yana dakushe zarto, samun allo miƙaƙƙe kuma da wuya, sai dai a yi gindin taga da ita. Irin wannan itace ba ya bukatar kome sai ɗan kaki.

Madobiya tana da zane mai kyau ƙwarai, amma kyanta ya jawo mata masifa. An yi ta sararta a Afirka ta Yamma ana kai wa ƙasar Sin, har a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a cikin wannan jeri. Wannan ya nuna mana cewa katakon da ke tagarka ba abin wasa ba ne, jikanka ba lalle ya sami irinsa ba. Ga shi kuma dazuzzukan Zurmi, inda dā masu sassaƙa ke shiga da gatari, sun daɗe ba su shiguwa saboda 'yan bindiga. Kada kowa ya aiki yaro daji don neman allon taga.

Saboda haka yawancin katakon da ke kasuwa yau daga kudu yake zuwa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kaura a 1929, ta Zariya da Funtuwa da Gusau, kayan kudu suka sami hanya, jirgi ya kwashi gyaɗa da auduga ya kawo katako da kwano. Yanzu manyan motoci ne ke kawowa. A cikinsa akwai iroko, wanda Hausawa ke kira loko, mai ƙarko ne, yana da maiƙo nasa na halitta, sai dai ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, mai gogewa ya ɗaure hanci. Akwai kuma obeche, fari mara nauyi mai araha. Shi kam abincin ƙwari ne. In shi kaɗai ƙarfinka ya kai, kada ka ɓata kuɗi wajen fito da launinsa. Sa masa maganin gara, ka yi masa fenti, ka riƙa dubawa.

Abu biyu za ka lura a kowane itace. Na fari, farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da ƙarkon zuciya, ko a maɗaci ne. Ƙwari daga nan suke farawa. Na biyu, katakon kudu da ruwansa yake zuwa. In aka yi firam da shi nan take, hunturun farko zai buɗe dukan mahaɗansa. Jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. In kana so ka san ko ya bushe, yanki guntu ka kai wurin mai sikeli ya auna, bayan mako ka sake kaiwa. Ran da nauyin ya daina raguwa, katako ya shirya.

Mayukan da ke cikin gida

Tambayar da mata suka fi yi ita ce, "Ba ga man gyaɗa ba?" Kaura garin gyaɗa ce, ba mamaki. To, mai iri biyu ne. Akwai wanda in ya sha iska yakan daskare ya zama kamar fata a cikin katakon. Akwai wanda ba ya bushewa har abada. Man gyaɗa na biyun ne. Ranar farko zai fito da launin maɗaci har ka yi murna. Bayan 'yan watanni ya yi ɗoyi, ya kama ƙura, ya gayyato tururuwa da kyankyaso, ɓera ma ya zo ya gwada haƙori. Manja haka, ga kuma rini. Man kaɗe ya fi su jimrewa, ya dace da muciya da akushi da ƙotar fartanya, abubuwan da hannu ke gogewa kullum, amma a jikin taga da zafin bazara narkewa yake, labule ya kwashe. Man dogon yaro yana korar waɗansu ƙwari, sai dai warinsa ba na ɗakin kwana ba ne, shi ma ba ya bushewa sosai.

Ƙaro irin na ƙwara da ake ci ko ake sa wa tawada yana ba da ƙyalli, amma ruwa ne ke narkar da shi, ruwan farko zai wanke shi.

Baƙin mai kuwa, ga abin da ya faru da ɗan'uwanmu. Ban da ƙazanta, man da ya gama aiki cikin inji yana ɗauke da gurɓataccen ƙarfe da sauran guba, likitoci kuma sun tabbatar yawan taɓa shi yana iya kawo ciwon daji na fata. In mutum ya shafa wa gindin dirkar rumfar dabbobi, wannan tsakaninsa da gonarsa. Ɗakin da yara ke kwana ba wurinsa ba ne. Kuma katakon da ya sha shi ba ya ƙara karɓar banish ko fenti.

In kana so ka canza launin farin katako ba tare da fenti ba, dukawa sun riga mu. Ruwan bagaruwa da suke jima da shi, in aka shafa wa katako ya bushe, sa'an nan aka bi da ruwan da tsatsar ƙarfe ta jiƙa a ciki, sai ya koma baƙi ƙirin. Karan dafi yana ba da ja, amma rana tana cin sa. Rini dai rini ne, ba ya tsare katako, tilas a bi shi da mai.

Man da ke bushewa

Wanda muka fi ba da shawara a kansa shi ne man linsid. Daga ƙwayar wani tsiro ake matse shi, tsiron da ake saƙa lilin da zarensa, irin lilin da muke ji a Littafi Mai Tsarki. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna shafa wa katako, da shi kuma ake haɗa fentin mai na dā. Ana nemansa wurin masu sayar da fenti. In babu a Kaura, a yi saƙo Gusau, ko wurin masu kayan gini a Kano. Iri biyu ne, ɗanye da wanda ake kira dafaffe. Ɗanyen yakan yi kwanaki da yawa kafin ya bushe. Dafaffen an sa masa sinadarin da ke gaggauta bushewa, yini ɗaya ko biyu ya isa. Don taga dafaffen ya fi, amma kada a shafa shi a kayan cin abinci.

Amfaninsa shi ne yana shiga cikin katako, ba ya zama a bisa. Don haka ba ya ɓarewa, ba ya tsagewa sa'ad da katako ya motsa. In ya gaji sai ya dushe kawai, uwargida ta ɗauki tsumma ta ƙara, ba sai an kira kowa ba.

Ga yadda ake yi. A goge katakon da samfefa, a fara da mai kaushi a gama da mai laushi, ana bin tsawon zanen itacen, ba a gicciye ba. A share ƙurar sarai. Shafin farko a sirka man da tafentin, rabi da rabi, don ya nutse. A shafa da yawa, musamman a bakin da zarto ya yanka, gama wurin nan kamar bakin kara yake, ya fi ko'ina sha. A bar shi kamar minti 20. Sa'an nan, ga inda mutane ke kuskure, a ɗauki busasshen tsumma a goge duk abin da ya rage a bisa, har in ka taɓa ba ka ji danshi ba. Man da aka bari a bisa zai zama danƙo, ya yi makonni yana kama ƙura. Bayan kwana biyu a sake, ba sirki. Shafi uku ya isa, gindin taga a ba shi huɗu. Daga nan sau ɗaya a shekara.

Yana da aibinsa. Yana sa katako ya ƙara duhu da shekaru. Ba ya tare ruwa kamar banish, in ruwa ya kwana a kai zai bar tabo. A ɗakin da iska ba ta ratsawa kuma, da damina yakan yi baƙin fumfuna.

Gargaɗi ɗaya muke roƙo kada a manta. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa, ba ashana. Sa'ad da man ke bushewa yana fitar da zafi, in an dunƙule tsumman aka jefa a kwana, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya taru har ya kunna. An yi gobara da yawa a duniya ta wannan hanya. A garin da ke da dangar kara da rumbu kusa da ɗaki, ka san abin da wannan ke nufi. In an gama aiki a shimfiɗa tsumman a fili a kan ƙasa, a danne da dutse har ya bushe ya yi tauri, ko a nutsa shi cikin gwangwanin ruwa. Kada a bar wa yara su tattara.

Kakin zuma

Masu zuma sukan matse saƙar su zubar, ko su sayar da ita da araha. A ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ko a wurin duk mai amya, tambayi kaki. A narkar da shi, a tace da tsumma, a bar shi ya daskare. A ɗauki kashi ɗaya na kaki a sa cikin gwangwani, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, kada a ɗora shi kai tsaye bisa wuta. In ya narke a sauke, a tafi nesa da murhu, a zuba tafentin kashi uku ana juyawa. In ya huce zai zama kamar man shafawa.

A bar man linsid ya yi mako biyu tukuna, sa'an nan a shafa kakin siriri ƙwarai, a jira ya sha iska, a murza da tsumma mai laushi. Ƙyallinsa ba mai kashe ido ba ne, ƙura kuma ba ta kama shi, da shara ɗaya take sauka. A gindin tagar yamma kada a cika shi, zafin rana yana sa shi laushi. A tuna kuma, banish ba ya kama katakon da ke da kaki, sai an wanke shi da tafentin an goge.

Banish da fenti

Kada a ce mun ƙi banish. Yana da wurinsa. Shi fata yake yi a bisa katako, yana tare ruwa fiye da mai, ana wanke shi da jiƙaƙƙen tsumma. A tagar da ke ƙarƙashin baranda, wadda rana ba ta duka, zai yi shekaru yana kyau. A gindin tagar gabas ma, inda ruwa ke kwanciya, yana da amfani. Amma a inda rana ke bugawa, zafinmu yana busar da shi, katako ya motsa a ƙarƙashinsa, ya tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya yi baƙi, kuma ba ya gyaruwa da ƙari. Sai an kankare duka an sake. Wanda ya zaɓe shi ya yi siraran shafi uku, yana gogewa da samfefa mai laushi a tsakani, ya fi kauri ɗaya. A buɗe ƙofa da tagogi, mai ciki da jariri su kwana wani ɗaki har warin ya fita. Wanda kafintoci ke fesawa a kujeru da gadaje yana bushewa nan da nan, yana ƙyalli kamar madubi, amma ba ya jimre rana.

Game da fenti akwai maganar da mutanen Zamfara suka fi kowa sanin nauyinta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wannan daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga fenti ba. Amma dalmar ɗaya ce, kuma an daɗe ana sa ta cikin fentin mai, musamman ja da rawaya. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, bayan an gane yara suna kamuwa ta wurin ɓawon fentin da ke zuba daga tagogi, domin buɗewa da rufewa suna niƙa shi ya zama ƙura, gindin taga kuwa daidai bakin yaro yake. Gwaje gwajen da aka yi a Nijeriya sun sami dalma mai yawa a waɗansu fentin mai na kasuwa. Dalma ba ta nuna kanta nan da nan, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a hankali. Saboda haka in za ka sayi fenti nemi wanda aka rubuta babu dalma. In kuwa tsohuwar taga ce kake so ka kankare don launin itacen ya fito, cire ta ka kai waje, ka jiƙa ta kana kankarewa, kada ka goge ta a bushe, kada ka ƙona fentin. Tattara abin da ya zuba ka binne nesa da rijiya, ka wanke jiki da tufa kafin ka ɗauki yaro.

Bayan firam, da lokacin aiki

Sa'ad da Allah ya umarci Nuhu ya yi jirgi, ciki da waje aka ce ya shafe shi. Kafintocinmu sau da yawa fuska kaɗai suke shafawa, bayan an riga an kafa. Aikin gaskiya kafin kafawa ne. Bayan firam, da ƙafafunsa da za su shiga bango, a shafe su da maganin gara irin su Solignum sau biyu, a bar su su bushe a waje. Wannan ɓangare bango zai rufe shi, hannun yaro ba ya kaiwa. Ɗanyen siminti da ɗanyar ƙasa duk suna ba katako ruwa, wannan shafin yana tsare shi daga nan ma. Bayan haka sai ido. Kowane wata da damina a duba gindin bango ciki da waje, in an ga hanyar gara a karya, a bi ta har inda ta fito. A ƙwanƙwasa firam da ɗan yatsa, in ya yi amo kamar ganga, an shiga.

Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Da damina mai ba ya bushewa da wuri. Da hunturu banish yakan kwashi ƙura ya zama kamar samfefa. In tilas ne a yi a lokacin, a yayyafa ruwa a daɓe, a yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi. In kuma da rani aka yi marufin, ka ce wa kafinta ya bar ɗan sarari kamar kaurin kwabo, don Agusta na zuwa.

Kada ka yarda da maganarmu kawai. Karɓi guntun da ya rage daga katakonka, ka raba fuskarsa uku, mai a nan, mai da kaki a nan, banish a nan. Ajiye shi a tagar yamma mako uku, ka riƙa ɗiga masa ruwa. Sa'an nan ku duba tare da uwargida, tun da ita ce za ta riƙa sharewa.

Wannan aiki duka yana cin kwanakin kafinta, shafi uku zuwa uku ne. Ku yi ciniki a kan haka tun farko, a kuma biya shi a kan lokaci. Annabi Irmiya, a sura 22, ya tsauta wa wani sarkin Yahuza da ya gina bene mai manyan tagogi, ya manne shi da katakon al'ul, ya shafe da jan fenti, amma ya hana ma'aikata hakkinsu. Ubangijinmu ma a Nazarat da sunan massassaƙi aka san shi.

Ɗan'uwanmu na Kaura kuwa, tagar da gara ta ci sai da aka sake ta. Sauran ukun aka cire, aka wanke da kananzir, aka shanya a inuwa, kafinta ya fere fuskarsu har jan ya fara nunawa. Baƙin bai fita duka ba, a mahaɗai da bakin yanka yana nan. An shafe bayansu da magani, aka mai da su a watan Nuwamba, uwargida ta bi su da kaki. Sabuwar kaɗai ce ta sami man linsid, ita aka sa a falo. Labule kuwa sai da aka ɗinka wani.